Ekstanal ɗina ya daina buɗewa, kuma muryar mahaifiyata na ciki

Abban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa yin rubutu ba, yau dai larura ta sa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min.

Ina da ekstanal, wato faifan ajiyar bayanai da ake jonawa a kwamfuta da kebul, mai tera ɗaya da na saya a 2018. Ranar Lahadi da daddare na jona shi a laftof a kan teburin falo ina neman tambayoyin jarabawar ɗalibaina, sai ƙaramar 'yata ta zo wucewa a guje, ƙafarta ta ja kebul ɗin, ya faɗo kan tayil. Teburin ko ƙugu bai kai ba. Na ɗauka na sake jonawa, ya buɗe, na ga kayana, na yi hamdala na kwanta. Washegari sai da ya ɗauki kusan minti goma kafin ya fito, kuma da na taɓa folda sai kwamfutar ta tsaya cak. Ranar Talata Windows ta ce sai na yi masa fomat kafin in yi amfani da shi. Ban yarda ba. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya gwada a kwamfuta uku, ya canza kebul, ya sa wata manhaja ta yi ta bincike sama da awa biyu. Tun daga nan ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Yanzu ko fitowa ba ya yi.

Takardun makaranta ba su dame ni ba, zan sake bugawa. Hotunan aurenmu da na sunan yara suna ciki, su ma in sun tafi zan haƙura. Abin da ya hana ni barci muryar Hajiyarmu ce. Bayan ƙaramar sallar 2019 na yi dare goma sha ɗaya ina zama da ita bayan isha'i, in ajiye waya a gefen tabarmarta tana ba ni tarihin gidanmu: yadda kakanta ya taso daga Damagaram da ayarin fatake ya zauna a Kano, sunayen dangin da suka rage can, waƙoƙin niƙa da kakarta ke yi, har da addu'ar da take mana in za mu yi tafiya. Allah ya yi mata rasuwa a 2022. Da wayar ta cika, sai na kwashe komai na zuba a ekstanal ɗin na goge na wayar, a tunanina na adana ke nan.

Akwai abin da za a iya yi?

Maman Walid:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan Hajiya ya kai haske kabarinta. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi. Allah ya sa a dace.

Injiniya Sadiƙ:
Malam, kafin komai: in a jone yake yanzu, cire shi. Kar ka sake jona shi ko sau ɗaya, ko don ka ji ko ƙarar ta daina. Kar ka bari kowa ya kwance shi. Naɗe shi a tsumma mai laushi ka sa a durowa. Ina kan hanya ne, in na isa gida zan yi bayani.

Nazifi Mai Waya:
Oga sa shi a leda ka ɗaure, ka sa a firiza ya kwana, da safe ka jona da sauri ka kwashe da manhajar Recuva mai dawo da fayil. Na taɓa yi wa wani kwastoma haka ya tashi.

Injiniya Sadiƙ:
Nazifi don girman Allah a bar maganar firiza. Malam kar ka yi.

Bari in yi bayani yadda kowa zai gane, don wannan kuskuren ana yawan yin sa. A cikin ekstanal irin na Malam akwai faranti mai sheƙi kamar madubi, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. A kansa akwai allura mai karatu da rubutu, kamar ta garmaho, sai dai ita ba ta taɓa farantin ko kaɗan, iskar juyawar ce ke ɗaga ta. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, silin gashi ɗaya ya fi ta kauri sau dubbai. In faifan ya faɗi yana cikin juyawa, allurar kan daki farantin, ta lanƙwashe ko ta karce shi. Daren farko ya buɗe ne saboda ɓarnar ba ta yi nisa ba tukuna. Binciken awa biyun nan da aka sa manhaja ta yi, tilasta wa gurguwar allura aka yi ta zagaye farantin kaf. Ƙarar da kake ji kuwa allurar ce ke fita neman alamomin da za ta gane inda take, ta kasa karantawa, ta koma mazauninta, ta sake fita.

Duk jonawa ɗaya, in allurar na gogar farantin, tana kankare ɓawon maganaɗisun da bayananka ke kai ne. Abin da aka kankare ya zama ƙura babu injiniyan da zai dawo da shi a duniya. Abin da bai kankaru ba yana nan daram, ko shekara ya yi a durowa ba zai ragu ba. Shi ya sa jira ba ya cutar da kai, gwaji ne ke cutarwa.

Firiza kuma, in ka fito da abu mai sanyi cikin zafin garinmu raɓa ce ke kwanta masa, kamar kwalbar lemo. Faifan nan yana da 'yar ƙofar shan iska, ba a rufe yake ruf ba. Ka ga ke nan ruwa a kan faranti, allura na bi ta kai. Garin gyaran gira a rasa ido.

Nazifi Mai Waya:
Injiniya ni fa ba labari aka ba ni ba, da hannuna na yi. Shi ma yana wannan ƙarar, kuma muka kwashe komai.

Injiniya Sadiƙ:
Ban ƙaryata ka ba ƙanena. Amma na kwastoman naka faɗuwa ya yi? Kuma da safen, a bakin USB ɗin da ka fara gwadawa ka jona, da kebul ɗin jiya? Ina tambaya ne saboda rashin isasshiyar wuta ma na sa faifai ya yi ƙara. Tsohon bakin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900. Doguwar waya mai arha ko bakin gaban kwamfutar tebur sukan rage wutar, faifan ya yi ta yunƙurin tashi yana kasawa. Ka canza baki ya tashi, sai a ce firiza ce.

Recuva da PhotoRec da TestDisk duk kayan aiki ne masu kyau, ni ma ina amfani da su. Amma aikinsu a kan lafiyayyen faifai ne, wanda aka goge abu bisa kuskure, ko aka yi wa fomat, ko tsarin foldodinsa ya rikice. Ko a nan ɗin ma, mai hankali yakan fara ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya zuwa wani da manhajar ddrescue, ya yi bincikensa a kan kwafin, kuma ba ya zuba abin da ya samo a kan faifan da yake ceto. Wanda ya faɗi yana juyawa har ya fara ƙas-ƙas ya wuce manhaja.

Nazifi Mai Waya:
Gaskiya bai faɗi ba. Kuma a laftof ɗin maƙwabcina muka jona da safen. To na ji.

Bashir Tudun Wada:
Ni abin da ban gane ba, ta yaya mutum zai ajiye abu mai muhimmanci haka a wuri ɗaya tal har shekara da shekaru? Mutanenmu sakaci ya yi mana yawa. Kullum ana faɗa a nan, ba a ji.

Ummu Sumayya:
Haba Malam Bashir. Mutum yana cikin rijiya ai igiya ake miƙa masa, faɗan sai ya fito. Kuma mu faɗi gaskiya, mu nawa ne a nan ba haka muke yi ba? Waya ta cika, a kwashe a zuba a ekstanal, a goge na waya, a ce an adana. Ni kaina sai yau na gane cewa ƙaura kawai nake wa kayana daga wannan ɗaki zuwa wancan, kwafin dai ɗaya ne.

Abban Ilham, kafin a kai ga masu gyara, ka zauna ka tuna da kyau. A lokacin da kake ɗaukar muryar nan, ba ka tura wa kowa ko guntu ba? 'Yan uwanka mata fa? Ku ba ku da zauren gida a WhatsApp? Abin da aka tura yana zama a wayar wanda ya karɓa ko da kai ka goge naka. A duba tsofaffin wayoyin da aka jefa a durowa, a shiga foldar WhatsApp, a shiga Media, a duba WhatsApp Audio da Voice Notes. Sannan wayar da ka ɗauka da ita, in a kan memori take ajiyewa, ina memorin yake? In ba a cika shi da wasu abubuwa ba bayan gogewar, a nan ne PhotoRec ɗin zai yi amfani.

Malam Auwal:
Ummu ta yi gaskiya. Abin da ya faru ya riga ya faru da ƙaddarawar Allah, kuma yarinyar nan don Allah kar a yi mata faɗa, ba ta san komai ba. Maganar Malam Bashir ita ma tana da gurbi, mu da namu bai lalace ba ita ta shafa. Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Allah ya mayar maka da abinka Malam.

Kwararren Dawo Da Data:
Muna dawo da komai ɗari bisa ɗari cikin awa 24. Yi min magana ta akwati yanzu, a tura rabin kuɗi a fara aiki.

Shugaban Zaure:
Na cire wancan daga zauren. An hana talla a nan, balle irin wannan. Wanda bai ga faifai ba ya ce ɗari bisa ɗari, kuma a fara tura kuɗi, kun san ko wane ne.

Abban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Injiniya na cire, yana cikin durowa. Malam Bashir maganarka gaskiya ce, na karɓa. Malam Auwal, yarinyar tun ranar take raɓe-raɓe tana kallona, jiya na ɗauke ta na ce mata ba laifinta ba ne.

Ummu, wayar na ba wa ƙanin matata tun 2020, shi ma ya sayar. Ba ta da memori, a cikinta take ajiyewa. Amma kin tuna min, kamar na taɓa tura wa Yayarmu da ke Zariya wani abu a lokacin. Zan kira ta.

Injiniya, wani abu kuma yana damuna. In har sai an kai shi wani wuri an buɗe, akwai hotunan iyalina a ciki, na cikin gida, matata da ƙannena ba lulluɓi. Yaya mutum zai miƙa wa wanda bai sani ba irin wannan?

Injiniya Sadiƙ:
Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye maka ba: wanda ya iya dawo da fayil ya iya buɗe shi. Babu wata dabara da za ta hana, amana ce kawai. Amma akwai abin da zai rage maka fargaba. Masu aikin na gaskiya suna da na'ura irin su PC-3000, wadda ke fara karanta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake a kan farantin. In jadawalin ya karantu, suna iya zaɓar folda ɗaya su bi wuraren da take kawai. Ka ga kana iya cewa foldar murya kaɗai kake so. Ko ba don sirri ba ma haka ya fi, domin sabuwar allurar da za a sa ba ta daɗewa a kan farantin da ya karce, gara a fara da abin da ya fi muhimmanci tun tana da rai.

Ga yadda aikin yake. Za su nemo wani faifan irin naka sak, su ciro allurarsa su sa a naka, a ƙarƙashin na'urar da ke tace iska. Abin da ya sa na ce kar a kwance shi a shago ke nan. Ƙwayar ƙura ɗaya ta hazon hunturu dutse ce a gaban allurar nan. Na sha ganin faifan da aka buɗe a kan benci, har da shatin yatsa a kan faranti.

Kafin ka ba kowa, ka tambaye shi: a nan kuke buɗewa ko turawa kuke yi wani wuri? Me kuke buɗewa a ƙarƙashinsa? Za ku nuna min jerin abin da aka samu kafin in biya? In ba a samu komai ba nawa zan biya? Yaushe za ku goge kwafin da ke wurinku? Wanda ya fara fushi da tambayoyin nan, ɗauki kayanka. Kuma ka gaya musu gaskiyar duk abin da aka yi, faɗuwar da binciken awa biyun, kar ka rage komai. Ka shirya kuɗi, don ya kan ninka kuɗin sabon ekstanal sau da yawa. A Legas na fi sanin masu irin wannan aiki, zan yi maka kwatance ta waya ba a nan ba.

Alhaji Habu Mai Hoto:
Malam na san abin da kake ji, don na ɗanɗana. Sama da shekara ashirin ina ɗaukar hoton biki, tun zamanin fim. A 2017 na yi wani biki na kwana huɗu, kamu, wunin amarya, ɗaurin aure, kai amarya. Na dawo na juye katin kyamara a ekstanal, na yi wa katin fomat na tafi wani bikin da shi washegari. Kwana uku bayan nan ina cikin gyaran hotuna aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, faifan irin babban nan ne mai cajarsa daban, sai na ji ƙauri. Shi ke nan.

Ban aika yaro ba, ni na je da ƙafata wurin mahaifin amarya. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar yana kan darduma, na durƙusa na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, Alhaji kuɗin ba shi ne ba, kakarta da ta zo daga ƙauye aka ɗauke su tare, ita ce ba na jin za ta ƙara zuwa wani bikin. Wallahi na fi son ya zage ni da wannan maganar. Sati biyu na yi ina bin ƙawayen amarya da abokan ango gida-gida ina roƙon abin da suka ɗauka da waya, na haɗa musu albam da shi. Hoton kakar guda ɗaya na samu, shi ma ta juya gefe.

Daga baya wani ya duba faifan ya ce allon wutar ne ya ƙone, farantin lafiya lau. Amma kafin nan wani yaro ya riga ya canza masa allo ya jefar da na asalin, ashe akwai wani ɗan ƙaramin guntu a jikin allon da ke ɗauke da bayanan wannan faifan shi kaɗai, wanda ake cirewa a mayar kan sabon. Don haka ko allo aka ce za a canza maka, ka karɓi tsohon ka riƙe.

Tun daga ranar, kati ba ya ganin fomat a wurina sai aikin ya shiga faifai biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida.

Falmata M.:
Alhaji wannan "ɗaya a shago ɗaya a gida" ita ce maganar. Ni faifai biyu gare ni, kullum ina kwafa daga wannan zuwa wancan, ina ganin na gama tsari. Da su da laftof ɗin duk a durowa ɗaya suke. Daren da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya shigo Maiduguri, da kayan jikinmu muka fita, yara a kafaɗa. Da muka dawo laka ce har cikin durowar. Aikin digirina na biyu, abin da ya tsira shi ne babi ukun da na tura wa malamina ta imel. Kwafi goma ma in a ɗaki ɗaya suke, ruwa ɗaya ko gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su.

Bashir Tudun Wada:
Allah ya mayar da alheri Malama. Abban Ilham ka yi haƙuri da yadda na yi magana ɗazu, zafin abin ne. Ni shawarata kowa ya bar waɗannan masu farantin ya koma SSD. Babu abin da ke juyawa a ciki, ko ya faɗi ba ruwansa.

Injiniya Sadiƙ:
Wajen jure faɗuwa SSD ya fi, babu musu, kuma ga mai yawo da faifai a jaka shi nake ba wa shawara. Amma shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya sallama. Mai faranti yakan yi nauyi, ya yi ƙara, in ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo ka ga ta nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi. SSD yau lafiya, gobe babu shi, kuma ceto daga cikinsa ya fi wuya. Ba a kuma so a jefa shi a akwati shekaru ba a jona ba, musamman a wuri mai zafi. Ba irin faifan ne ke tsare kaya ba Malam Bashir, yawan kwafin ne da rarraba su. Masu harkar suna cewa uku, biyu, ɗaya: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban.

Maman Walid:
To mu da ba mu da kuɗin faifai biyu fa? Kuma ɗora kaya a intanet, datar da zai ci ai sai mai hali.

Ummu Sumayya:
Maman Walid ba duka za ki ɗora ba. Ki buɗe naki ki gani, rabi finafinai ne da karatuttukan da ko gobe za ki sake samu a wurin masu turi. Ki ware abin da in ya ɓata babu mai shi sai ke: takardun makaranta, takardun fili, hotunan iyaye, muryoyi. Za ki ga bai taka kara ya karya ba. Google na ba kowa giga 15 kyauta, sai dai da Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma a ciki take. Telegram na karɓar fayil har giga 2, kina iya tura wa kanki. In ta WhatsApp za ki tura wa 'yar uwa hoto don ajiya, ki tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi ya rage masa kyau.

Abu biyu dai a kula. Layin da kika buɗe akawun da shi kar ki bari ya mutu, in ya mutu kika manta lambar sirri kin shiga uku. Kuma Google sun ce akawun da ya shekara biyu ba a shiga ba suna iya goge shi.

Nazifi Mai Waya:
Kuma a guji filashin nan masu arha da ake rubuta tera biyu a jiki. Da yawa ƙarya ce, cikinsu ƙarami ne, zai nuna maka yana karɓa alhali yana taka na farko da na baya. Sai ranar da ka buɗe ka ga sunaye kawai. A gwada ainihin girmansa da manhajar H2testw tun ranar da aka saya. Wannan kam kullum ana kawo min kuka a kai.

Issufu Damagaram:
Salamu alaikum. Malam ni a Damagaram nake, haifaffen Birni. Allah ya gafarta wa Hajiya. In kakan naku bafatake ne, zai yi wuya a ce danginsa ba su da alaƙa da unguwar Zango, nan ne mazaunin fatake tun da. In ka tuna ko suna ɗaya, ko laƙabin gidan, ko sana'arsu, ka faɗa mini. Akwai tsofaffin da nake gaisarwa can, suna riƙe da irin wannan.

Abban Ilham:
Alhamdulillah, 'yan uwa an fara samu. Yaya ta ce tabbas na tura mata, amma ta canza waya sau biyu. Ɗanta ya tono tsohuwar a cikin kwallar kayan ɗinki, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi, ba ta kunnuwa. Sai ga memori a ciki. Suka sa a wata wayar suka bi inda Ummu ta ce, sai ga guda ɗaya, minti goma sha huɗu. Waƙar niƙan ce. Hajiya na yi tana tsayawa tana dariya tana cewa muryarta ta tsufa, ana jin ƙarar fanka da kukan akuya a tsakar gida. Yaya ta kira ni ta kasa magana, ni ma haka, muka riƙe waya kawai.

Ummu Allah ya biya ki da aljanna. Na tura shi wa ƙannena huɗu, na sa a imel. Faifan kuma ɗan baffana zai tafi Legas ranar Litinin, shi zai kai da hannunsa. Injiniya ya ce a naɗe shi da soso a sa a kwali, kar a sa a but.

Injiniya Sadiƙ:
Masha Allah. Kuma ina da kyakkyawan zato a kan sauran, saboda murya ba ta da nauyi. Awa guda ta rikodar waya 'yan megabayit ne, in ta yi yawa gomomi. Faifai yana rarraba rubutu ne tsakanin fuskokin farantin, ya yi kaɗan a nan ya koma can. In fuska ɗaya ta karce, babban bidiyo kusan dole ya ratsa ta wurin ya fito da ramuka. Ƙaramin fayil kuwa yana iya faɗawa gaba ɗayansa a lafiyayyen wuri.

Abban Ilham:
Assalamu alaikum. Na ga ya kamata in dawo in faɗa muku yadda aka ƙare, tunda sati uku ke nan wasu na tambayata.

Sun canza allurar. Sun ce fuska ɗaya ta farantin ta karce sosai, har ana ganin zoben da ido, sun turo min hotonsa. Kamar yadda Injiniya ya ce, na sa su fara da foldar murya. Cikin goma sha ɗaya, bakwai sun fito lafiya lau. Biyu suna yi suna tsallake, ana dai gane maganar. Biyu babu su. Da na ga haka na ce su ci gaba da foldar sunan yara, aka samu mafi yawa. Bidiyon aurenmu ya tafi. Kuɗin sai da muka haɗa da 'yan uwa, kowa ya kawo abin da ya samu, babu wanda ya yi ƙorafi.

Addu'ar tafiyar tana cikin bakwai ɗin. Daren da ta jero sunayen dangin Damagaram yana cikin biyun da suka tafi. Malam Issufu, abin da na iya tunawa kawai ta ce ana kiran gidan da gidan masu jima, kuma akwai wata Inna da aka aurar Mirya.

Na kai wa Gwaggo, ƙanwar Hajiya, na kunna mata. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Tana ji tana gyara wa Hajiya, wai ba raƙuma bakwai ba ne, tara ne, yayar tata ta manta. Ta ce sunayen ma ta san wasu. Ban taɓa tunanin in zauna da ita ba sai ranar.

Issufu Damagaram:
Masu jima da Mirya, wannan ya isa a fara tambaya. Mirya ba nisa daga nan. In Gwaggo ta ba ka sunan Innar ko na mijinta ka turo mini, ranar kasuwa ina zuwa can.

Injiniya Sadiƙ:
Alhamdulillah Malam. In za ka ɗauki Gwaggo, ka kashe layin wayar don kar kira ya katse, ka ajiye ta kusa da bakinta, a kashe fanka in za ta jure. Ka fara da faɗin ranar da sunanta a cikin rikodin ɗin. Kuma kar ka kwanta a daren sai ka tura shi wa mutum biyu.

Abban Ilham:
In sha Allah. Asabar ce bayan la'asar, ta ce lokacin ta fi jin ƙarfi. Yaya ma za ta taso daga Zariya da safe, ta ce za ta ajiye tata wayar a ɗaya gefen mu ɗauka mu biyu.